Hasken rana a tankin murjani: lissafin Jos daban, na Abuja daban

Tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, duk mai na'urar da ke wuni ta kwana a kunne ya koma lissafi. An ɗan sassauta daga baya zuwa wajen naira 209, amma ba ta canza zani ba. Cikin masu lissafin har da wasu 'yan tsiraru a Abuja da Jos da suka wuce kiwon kifin ado na ruwan daɗi, suka shiga ajiye murjani mai rai a tankin gilashi cikin falo. Fitilar da ake ɗora wa irin wannan tanki daga waje ake kawo ta, da dala ake sayenta, kuma sai ta yi awa 8 zuwa 10 a kunne kullum. To tambayar da ke zuwa bakin kowa ita ce: ƙasar da rana ke ƙona ƙeya tun hantsi, me zai sa mutum ya sayi hasken kwaikwayo? Ai murjanin ma a teku ba fitila ake kunna masa ba.

Tambayar tana da gaskiyarta. Ana iya yi, an kuma yi. Sai dai wanda ya ɗauka damuwarsa ita ce yadda zai samu isasshen haske, ya kama lissafin ta wutsiya. A wurinmu hasken yawa ya yi, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da zafi yake tafe, ga shi na yau ba na gobe ba ne. Aikin duka na ragewa ne da daidaitawa, kuma abin da zai ci a Jos daban yake da abin da zai ci a Abuja.

Murjanin da ake magana ba jan nan ba ne da ake yi wa amare sarƙa da shi, ko wanda sarakunan Bini ke ado da shi. Wancan daga Bahar Rum ake samo shi, a kogon duwatsu da zurfi mai duhu yake girma, ba ruwansa da rana. Na tanki shi ne mai gina tudu a tekuna masu ɗumi, irin wanda alhaji ke hangowa ta tagar jirgi in an kusa sauka Jidda, inda ruwan Bahar Maliya ke juyewa daga shuɗi mai duhu zuwa tsanwa-tsanwa a bakin gaɓa. Dabba ce, ba tsiro ba: dubban ƙananan halittu masu baki da 'yan hannuwa, manne da juna, da yawansu suna gina ƙashi na alli a ƙarƙashinsu. A cikin namansu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, wadda masana ke kira zooxanthellae, miliyan ko fiye a kowane murabba'in santimita. Zaman nasu kamar na mai gida ne da ɗan hayar da ke biya da abinci: murjani ya ba da ɗaki da takin da jikinsa ke fitarwa, gansakuka ta yi amfani da haske ta haɗa sukari ta miƙa masa. A ruwa mara zurfi, abin da take bayarwa kan kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da yake bukata. Fitilar tanki ke nan abinci ce kafin ta zama ado.

Masu harkar ba da wat suke auna wannan haske ba, ba kuma da yadda ido ke ganin wuri ya haska ba. Akwai ma'aunin da suke kira PAR, mai ƙirga ɓangaren hasken da tsiro ke iya amfani da shi. Da rana tsaka a ƙasashenmu, in sama ta wanke babu gajimare, yakan kai wajen 2,000. Murjani masu laushi da masu manyan baki sukan wadatu da 50 zuwa 150. Masu rassa irin su Acropora, 'yan gatan masu kiwo, 200 zuwa 400 ya ishe su. Wato hasken azahar a Maitama ta Abuja ko Rayfield ta Jos ya ninka bukatar mafi kwaɗayin cikinsu sau 5, ya ninka ta masu laushi fiye da sau 10. A teku ruwa ne ke yin wannan ragin, don da yawa daga murjanin da ake sayarwa asalinsu mita 5, 10, har 20 suke a ƙasa. Tankin falo kuwa da wuya zurfinsa ya wuce santimita 60.

Ruwan teku ba rage haske kawai yake yi ba, tace shi yake. Ja ne ke fara ɓacewa, a 'yan mitocin farko, sai ruwan lemo da rawaya su bi baya. Shuɗi ne ke daɗewa yana nutsawa. Gansakukar da ke cikin murjani da wannan shuɗin ta fi aiki, shi ya sa fitilun tanki ke ba da haske mai shuɗi-shuɗi da baƙo kan ɗauka gayu ne kawai. Akwai gayun, ba a musu. Launukan nan masu walƙiya, kore da ruwan hoda da ke sa mutum ya zaro kuɗi bai shirya ba, wasu sinadarai ne a jikin murjani da ke shan shuɗin haske su mayar da shi wani launi, kuma a ƙarƙashin shuɗiyar fitila suka fi fitowa. Kai shi rana, sai ka gan shi ruwan ƙasa-ƙasa, ruwan tankin ma ya ɗan yi rawaya. Lafiyarsa ƙalau, amma wanda hotunan Instagram suka jawo shi harkar zai ji kamar an yi masa musaya a kasuwa. Ni dai ina ganin rana tana da nata kyan, musamman zaren hasken nan da ke rawa a kan yashi in saman ruwa na motsi. Wannan kuwa zancen ra'ayi ne, kowa da nasa.

Wanda ba na ra'ayi ba shi ne zafi. Da tsakar rana kowane murabba'in mita yana karɓar wajen wat 1,000, kuma kusan rabin wannan ƙarfi ido ba ya ganinsa, zafi ne zalla da ruwa ke shanye yawancinsa tun daga sama-sama. Ɗauki tanki mai lita 200, tsawonsa mita 1, faɗinsa rabin mita. In rana ta sauka a kansa kai tsaye, wat 500 ke nan. Ruwan gishiri lita 200 yana bukatar wajen kilojul 820 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1, wat 500 kuma a awa guda kilojul 1,800 ne. Digiri 2 da ɗoriya a kowace awa. Ko da an ce rabi ya tsere ta gilashi da tururi, awa 3 sun isa su ɗaga ruwa daga 26 zuwa 29, kuma daga nan ake fara shiga uku.

Murjani tsakanin digiri 24 da 27 yake so, kuma abin da ya fi so shi ne kada a riƙa yi masa hawa da sauka. In zafi ya haɗu da haske mai ƙarfi, gansakuka takan karɓi fiye da abin da za ta iya sarrafawa, sai rarar ta koma wasu sinadarai masu ƙona nama. Murjani ba shi da wata dabara illa ya kore ta. Tana fita launi ya tafi, farin ƙashi ya bayyana ta cikin nama, dabbar tana raye amma yunwa ta fara cin ta. Shi ne farin da aka yi ta ba da labarinsa a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, da wanda hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a Afrilun 2024 cewa shi ne na huɗu da ya game duniya. Abin lura shi ne ƙanƙantar tazarar. Digiri 1 kacal sama da zafin da wurin ya saba kaiwa a watansa mafi zafi, in ya ɗore makonni, ya isa. An kuma lura cewa murjanin da gajimare ko inuwa ta rufe a irin wannan lokaci ya fi tsira a kan wanda rana ke duka. Zafin da zai jure a haske mai sauƙi, ba zai jure shi a rana tsaka ba. Tankin da aka ajiye a rana kuwa duka biyun yake haɗa masa a awa ɗaya.

Akwai masu kafa hujja da tsibirin Ofu a Samoa ta Amurka, inda murjani ke zaune a 'yan tafkuna marasa zurfi da zafinsu kan haura 34 da rana. Gaskiya ne. Amma waɗancan kaka da kakanni suka saba da wurin, kuma in teku ta ciko takan sanyaya su bayan 'yan awoyi. Wanda aka rena a ƙarƙashin fitila, ya sha jirgi a cikin leda ya biyo ta Legas, ba shi ba ne.

Na taɓa zama a falon wani abokin aiki a Gwarinpa cikin watan Maris, tankinsa na dab da tagar yamma. Wajen ƙarfe 3 rana ta leƙo ta gefen labule, ta zana farin layi a kusurwar gilashin, layin ya riƙa rarrafe a hankali zuwa tsakiya. Akwai wani murjani mai laushi, Sarcophyton, mai faffaɗan kai a kan dutse, 'yan hannuwansa duk a buɗe suna lilo. Da layin ya iso kansa, gefen da rana ta taɓa ya shiga janye hannuwan ɗaya bayan ɗaya har ya koma sumul yana sheƙi, gefen inuwa kuwa yana nan yadda yake. Ma'aunin zafin da ke manne a gilashi 27 yake nunawa da muka zauna. Kafin rana ta faɗa bayan katanga ya haura 28 da rabi, alhali na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Gefen da ranar ke bugawa kuma duk ya yi kore da gansakuka. Abokin nawa ya ce in ya kankare yau, jibi ta dawo.

Zancen taga shi ne inda shawarar da ake karantowa daga Turai ke ɓatar da mutane. A Ingila ko Jamus rana ba ta taɓa hawa tsakar ka, kullum ta kudu take ratsawa, don haka tagar kudu takan sha haske mai sauƙi kusan wuni guda. Jos kuwa wajen digiri 10 take arewa da layin da ya raba duniya biyu, Abuja 9. Sau 2 a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka har sandar da aka kafa ta rasa inuwa. Tsakanin waɗannan lokuta ta arewa take ɗan karkata, sauran watanni ta kudu, kuma ko a Disamba da ta fi yin ƙasa, da azahar tana sama da digiri 55. Tagar kudu ko ta arewa a gidajenmu, balle mai baranda ko leɓen kwano a samanta, kusan ba ta ganin rana kai tsaye sai ɗan abin da ba a rasa ba a hunturu. Ta gabas tana samun awa 2 ko 3 da safe, kafin iska da bango su ɗau zafi, kuma ita kaɗai zan yarda da ita, ita ma a matsayin ƙari a kan fitila. Ta yamma ce mafi muni, don takan zubo rana a daidai lokacin da ɗaki da ruwa suka riga suka ɗumame. Hasken taga kuma daga gefe yake zuwa, sai murjani ya karkata yana binsa, bayan duwatsu ya zauna a duhu.

Mai son rana da gaske sai ya huda rufi. Ko dai a cire fallen kwano ɗaya a sa na roba mai haske, irin na shaguna da ɗakunan ajiya, a buɗe silin har zuwa saman tanki. Ko a sa bututun haske, wanda aka fara ƙerawa a Ostareliya a shekarun 1980: ƙoƙon roba a kan rufi, bututu mai sheƙi a ciki da ke cilla haske ƙasa, da faifai a bakinsa mai watsa shi. Bututun ya fi, don ba ya tara haske wuri ɗaya. Rami kai tsaye yakan jefo tabo guda mai tsanani da ke tafiya daga yammacin tanki zuwa gabashinsa, duk abin da ya bi ta kansa ya sha wuta, sauran wuri kuma dishi-dishi.

Wani kafinta da aka kira ya duba irin wannan aiki a wani gida a Jos ya ɗaga kai ya kalli silin, ya ce, "Ranka ya daɗe, huda kwano ba wuya. Amma ka san ƙanƙarar garin nan. Robar da ba ta da kauri damina ɗaya za ta yi."

Mai gidan ya ce to a sa gilashi.

"Gilashi kuma ranar da ya fashe, Alhaji, cikin kifinka zai zuba."

Ba a kai ga musa masa ba. Folikabonet mai kauri shi ne ya fi dacewa, yana kuma tare kusan duk hasken UV mai ƙona fata, wanda a tudun Jos mai tsayin wajen mita 1,200 ya fi na bakin teku da kusan kashi 10 cikin 100. Sai a toshe gefen ramin da kyau, don ɗigon da ya wanko kwano yana ɗauke da tsatsa da tutiya, kuma murjani ba ya shiri da su ko kaɗan.

Ko rufi ya yi daidai, saura abin da kafinta ba ya iya gyarawa: ranar Janairu ba ta Agusta ba ce. Tsawon wuni ba damuwa ba ne. A nan bai cika fita daga tsakanin awa 11 da rabi zuwa 12 da rabi ba duk shekara, daidai abin da murjani ya sani, kuma a wannan mun fi Turawa sa'a nesa ba kusa ba. Sararin sama ne ke canza fuska. A marka sai a yi kwanaki hadari bai ɗaga ba, haske ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka. Murjani yana da dabararsa: gansakukar cikinsa ta ƙara duhun launi don ta kama ɗan abin da ke akwai. Wannan sauyi makonni yake ɗauka, haka ma komawa. Sai Oktoba ta kama, ruwa ya ɗauke, sama ta wanke tas, rana ta sauko da ƙarfinta a kan dabbar da ta yi shirin duhu. A nan ma ake ƙonewa, ba a bazara kaɗai ba. Haka in hazo ya yi kwanaki ya yaye dare ɗaya. Maganinsa ragar inuwa ce, irin ta masu rainon tsirrai da rumfunan tattasai da tumatir da ke kewayen Jos, mai tare kashi 30, 50 ko 70, ana ƙarawa ana ragewa gwargwadon yadda gari ya waye. Aikin da agogon fitila ke yi da kansa ya dawo hannun mai gida ke nan, kullum, har da ranar da ya tafi ɗaurin aure Kano.

Hunturu yana da nasa sharrin daban. Ƙurar da ke rufe mana gari, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki, kuma tana ɗauke da fosfaras da ƙarfe. Wani binciken NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara tana kai wa dajin Amazon wajen tan 22,000 na fosfaras duk shekara. Abin da ke takin daji a Brazil shi ne ke sauka a kan buɗaɗɗen tanki a Bukuru. Wannan kuwa ya taɓo ƙorafin da aka fi yi wa rana, wai ita ke kawo gansakuka kore. Ba ita ke kawo ta ba. Taki ke kawo ta, rana ta ba ta ƙarfi. Tudun murjani a teku ya fi kowane tanki shan rana bai kuma zama kore ba, don ruwansa kusan babu naitiret da fosfet, ga kifaye da dodon koɗi suna kiwo a kansa dare da rana. Tankin da aka cika da kifi, ake zuba abinci ba awo, aka dama gishirinsa da ruwan burtsatse, fitila mai rauni rufa masa asiri kawai take yi. Ranar da aka buɗe masa rana, kafin mako asirin ya tonu. Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tace da na'urar RO, irin ta masu ruwan leda, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili ko dab da shi. A garin da ke cike da tsoffin ramukan kuza ban ga dalilin yi wa ruwan rijiya kyakkyawan zato ba, kuma ko famfon tagulla ne a hanyar ruwan a cire shi, don ɗan jan ƙarfe kaɗan ya isa ya kashe murjani.

Wuraren da rana ta yi aiki sanannu ne. Lee Chin Eng, wani mai kiwo a Jakarta, ya bayyana tsarinsa tun 1961: duwatsu masu rai daga teku, ruwan teku, kumfar iska da hasken rana. Gidan kifi na Waikiki a Hawaii yana rainon murjani tun 1978, da yawa a tankunan da ke fili. Reef HQ a garin Townsville na Ostareliya, da aka buɗe a 1987, ya gina tanki mai lita miliyan 2.5 babu rufi a kansa. Dukansu a bakin teku suke, da ruwa mai yawan da ba ya saurin zafi ko sabon ruwa a kusa da hannu. Mu kuwa ko gaɓarmu daga Legas zuwa Kalaba ba ta da tudun murjani, saboda laka da ruwan daɗin da Neja da sauran koguna ke zubawa. Mai tanki a Abuja ko Jos kowane giram na gishirinsa saye yake yi, giram 35 a kowace lita, kuma gishirin miya ba ya yi.

Abin da za a iya ɗauka daga gare su shi ne yawan ruwa. Saurin da tanki ke yin zafi ya danganta da lita nawa ke ƙarƙashin kowane murabba'in mita da rana ke bugawa. In aka jona wa tankin lita 200 wata ma'ajiya mai lita 600 a inuwa, ruwa na zagayawa tsakaninsu, digiri 2 ɗin nan a awa ya koma rabin digiri. A nan Jos ta fara tsere wa Abuja. Zafin ƙasa a zurfin mita 2 ko fiye yakan tsaya kusa da matsakaicin zafin gari na shekara, wanda a Jos bai cika wuce 22 zuwa 23 ba, don haka ma'ajiyar da aka binne tana sanyaya ruwa ba ko sisi. A Abuja ƙasar kanta da ɗuminta, taimakon kaɗan ne.

A Jos ma tsoron ba na rana kaɗai ba ne. Daren Disamba da Janairu yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa, kuma tankin da ke ƙarƙashin ramin rufi yana zubar da ɗuminsa ta inda haske ya shigo, sai an kunna masa hita mai wat 200 ko 300. A waɗannan watanni zafin da rana ke zubawa riba ne. In kuma ya yi yawa, 'yar fanka mai busa saman ruwa ta wadatar, don iskar hunturu a bushe take ƙayau. Lita 1 da ta zama tururi tana tafiya da wajen kilojul 2,400, wanda ya kusa digiri 3 a tankin lita 200. Sai dai ruwa ne ke tafiya, gishiri na nan. Tankin da ya rasa lita 4 a wuni gishirinsa ya ƙaru da kashi 2 cikin 100, don haka sai an riƙa cikawa da tataccen ruwa mara gishiri, kaɗan-kaɗan, ba a jira ƙarshen mako a juye bokiti ba.

Abuja ba ta da wannan sauƙi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu gari kan kai 35 zuwa 38, dare ba ya hucewa sosai, ɗakin da babu na'urar sanyi yana haura 30 ba tare da rana ta taɓa tanki ba. Daga ƙarshen Maris kuma iska ta fara ɗaukar laima, fanka ta rage tasiri a daidai lokacin da aka fi neman ta. Dole ke nan a sayi na'urar sanyaya ruwan tanki. Mu yi lissafin. Fitilar LED mai wat 100, awa 10 a wuni, yunit 1 take ci, wajen naira 210, wato naira 6,300 a wata a kuɗin Band A na 2024. Na'urar da za ta kwashe zafin wat 500 da rana ta zuba, ita kanta sai ta ci wajen wat 200 muddin tana aiki, kuma kuɗin sayenta ba ya kasa na fitilar. Garin neman gira an rasa ido.

Hanyar da na fi ganin ta dace da Abuja ita ce a kama ranar a kan rufi a bar ta can. Farantin sola yana mayar da wajen kashi 20 cikin 100 na abin da ya sauka a kansa zuwa wuta, fitilar LED kuma ta mayar da kusan rabin wannan zuwa haske. A takarda ɓarna ce, kashi 90 ya tafi. Amma da ma rarar sau 5 zuwa 10 muke fama da ita, kuma abin da ya ɓata ɗin, zafin da ba a so ne, ya tsaya a waje. Faranti ɗaya mai wat 450 yana iya ba da kusan yunit 2 a wuni mai kyau, wanda ya kusa riƙe fitila da famfunan da ke motsa ruwan ƙaramin tanki. Biyu sun ba da sarari ga kwanakin hadari. Hasken da zai isa murjani kuma iri ɗaya ne a Agusta da Maris, ana iya sa shi ya tashi a hankali ya sauka a hankali, ana iya jinkirta shi zuwa bayan magariba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin da ke fita ƙarfe 7 ya dawo bayan isha'i, in tankinsa na rana ne zalla, sai Asabar da Lahadi zai gan shi.

Akwai hujja ɗaya da ta saura ga masu son rana, ita ce ɗauke wuta. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, kuma mutum zai ce tankin rana ba ruwansa. Ba haka ba ne. Duhu ba ya saurin kashe murjani. Masu kiwo da gangan sukan lulluɓe tanki kwana 3 don su karya gansakuka, murjani ya fito lafiya. Tsayawar ruwa ce ke kisa. Da dare babu mai haɗa iskar oksijin, komai na cikin tanki shaƙa yake yi, in famfo ya tsaya cikin 'yan awoyi kifi ya fara haki a sama. Da rana kuma tankin da ke shan rana babu fanka babu motsi ya fi kowanne shiga hatsari, don gudun ruwa ne ke wanke wa murjani abin da ke taruwa a jikinsa. Batir da inbata dai babu makawa, ko da rana ko da fitila. In an riga an saye su saboda famfo, ɗora musu fitila ƙaramin ƙari ne.

A Jos, wanda ke da fili ko baranda, yake shirin tanki babba da ma'ajiya a ƙasa, ya yarda ya fara da masu juriya irin su Sarcophyton da Sinularia da Montipora, ya bar 'yar shuɗiyar fitila saboda marka da dare, ina ganin zai iya ya kuma ji daɗi. Amma kada ya fara da sayen dabba. Duk murjani masu ƙashi suna cikin jadawali na 2 na yarjejeniyar CITES kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki tun fara aikinta a 1975, don haka shigo da su sai da takarda, kuma wanda ya mutu ba a kasuwar Terminus za a je a maye gurbinsa ba. Ya cika tankin da ruwan famfo tsura, ya kunna famfuna, ya rataya ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, ya bar shi ya ratsa Janairu har zuwa Afrilu yana rubutawa. In tazarar safe da yamma ta wuce digiri 2, a ƙara raga ko a ƙara ruwa a sake gwadawa. Ranar da murjanin ya iso kuma a ƙasan tanki za a ajiye shi, a shimfiɗa raga ninki 3 a sama, ana cire ɗaya bayan kowane mako ko kwana 10. In aka ga saman rassa ya fara koɗewa alhali gindinsu na nan da launinsa, a mayar da ninkin da aka cire tun a ranar.